Yadda mai shan taba ko gahawa zai shirya idonsa kafin daren kallon taurari

Mutum biyu za su tsaya wuri guda a dare guda, su ɗaga kai su dubi Kaza da 'Ya'yanta, ɗaya ya ce taurari shida yake gani, ɗayan ya rantse tara ya ƙirga. Ba lallai wani a cikinsu ya yi ƙarya ba. Wani ɓangare na bambancin daga shekaru ne da lafiyar ido, wannan kuwa ba ka da iko a kansa a daren. Amma akwai ɓangaren da ke hannunka, wato abin da ka zuƙa da abin da ka kurɓa tun daga hantsi. Sabon mai kallon taurari yakan tattara hankalinsa kan madubin hangen nesa, faɗin bakinsa da ƙarfin kusantowarsa, ya manta cewa duk hasken da madubin ya tattaro, cikin ido zai juye shi.

An saba haɗa taba da gahawa a magana ɗaya, sai ka ce laifinsu ɗaya. A wajen ido abin ya sha bamban. Hayaƙin taba yana rage iskar da idon ke aiki da ita kai tsaye. Shi kuwa kafeyin, sinadarin da ke hana barci a gahawa da shayi, ɓarnarsa takan biyo ta hannu da mafitsara da barcin gobe. Kowanne da dabarar da za a yi masa, kuma yawancin dabarar lissafin awoyi ce.

Abin da ido ke yi idan duhu ya yi

A can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, likitoci na ce masa retina. Ƙwayoyi iri biyu ne a jikinsa. Akwai na rana, kimanin miliyan 5 zuwa 6, su ke bambance launi da ƙananan rubutu, kuma a tsakiya suka fi taruwa. Akwai na dare, masu siffar sanda, wajen miliyan 100, ba ruwansu da launi amma ɗan haske kaɗan ya ishe su. Da su za ka yi aiki.

Ƙwayoyin dare sun dogara da wani sinadari mai suna rodofsin, wanda jiki ke haɗawa daga bitamin A. Haske mai ƙarfi yana wargaza shi nan take, sai an shiga duhu jiki ke sake gina shi a hankali. George Wald na Jami'ar Harvard yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 1967 saboda warware wannan sarƙaƙiya. Ƙofar baƙin ido tana buɗewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta kai wajen milimita 7 ga matashi, ta tsaya wajen 5 ga wanda ya manyanta, amma wannan ƙaramin sashe ne na aikin. Ƙwayoyin rana suna gama sabawa da duhu cikin minti 10. Na dare sai sun ci minti 30, kuma bayan nan ma suna ci gaba da ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Kamar cika tulu ne da ɗigon ruwa: ka yi rabin awa kana tarawa, walƙiyar fitila guda ta tuntsurar da shi.

Ga inda taba ta shigo zancen. Retina tana cikin sassan jiki mafiya cin iskar oksijin idan aka kwatanta da nauyinta, kuma ƙwayoyin dare sun fi cin iskar a duhu fiye da a haske. Shi ya sa idan oksijin ya yi ƙasa a jini, ganin dare ne ke fara raguwa, tun mutum bai ji haki ko jiri ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, tana ba matuƙa shawarar ƙarin oksijin da dare daga tsayin ƙafa 5,000, wato wajen mita 1,500, alhali da rana sai an wuce ƙafa 10,000. A ƙololuwar dutsen Mauna Keya na Hawayi, mai tsayin mita 4,200, inda aka kafa wasu daga cikin manyan madubai na duniya, sararin sama garau yake, amma masu kallo da ido sukan fi ganin taurari a masaukin baƙi da ke ƙasa, wajen mita 2,800, domin can sama idon yana fama da ƙarancin iska.

Mataki na farko: tsayar da lokacin karan ƙarshe

Duk abin da ya ci wuta bai ƙone sarai ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, taba ma haka. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini tana manne wa himoglobin, wato abin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye. Inda ta zauna, oksijin ya rasa mazauni. Ga wanda ba ya shan taba, himoglobin ɗin da ta kama bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba. Ga mai sha kullum yakan kai kashi 5 zuwa 10. Banda wannan, ragowar himoglobin ɗin ma yakan riƙe oksijin ɗinsa gam, ya ƙi sakar wa nama da sauƙi. Sai nikotin ya zo ya tsuke jijiyoyin jini, har da ƙananan da ke ciyar da bayan ido. Kayan da jinin ya ɗauko sun ragu, hanyar kuma ta ƙuntata.

A 1944 Ross McFarland na Harvard da abokan aikinsa sun buga binciken da ya nuna cewa ƙaruwar wannan iska a jini tana rage iya ganin haske mai rauni, kwatankwacin yadda hawa sama ke yi. Tun daga wancan zamanin littattafan horar da matuƙa jirgi ke gargaɗi kan taba kafin tashin dare. Binciken da ya biyo baya ya samu asarar da girma daban-daban, wani mai yawa, wani kaɗan. Ga mai tafiya a ƙafa da dare, kaɗan ɗin ba za ta dame shi ba. Amma kai abin da kake nema yana daidai bakin iyakar gani. Masu ilimin taurari suna auna haskensu da daraja-daraja, gwargwadon girman lambar gwargwadon raunin tauraron, tauraro mai daraja ta 6 shi ne kusan mafi rauni da ido ke kamawa a wuri mai duhu, kuma kowace daraja guda da ka ƙara, yawan taurarin da za ka gani yana ninkuwa kusan sau uku. Ka yi lissafi da kanka: wanda ya rasa rabin daraja kawai, kusan kashi 40 cikin 100 na taurarinsa sun ɓace masa, shi kuma zai ɗauka daren ne bai yi kyau ba.

Abin da ke taimaka maka shi ne jiki yana fitar da iskar ta numfashi. Rabinta yana fita cikin awa 4 zuwa 5. Nikotin ya fi sauri, rabinsa yana tafiya cikin kimanin awa 2. A ce jininka yana da kashi 8 da ƙarfe 12 na rana, ka kashe karan ƙarshe a lokacin. Zuwa 5 na yamma ya sauko wajen kashi 4, zuwa 10 na dare wajen kashi 2. Ka matso kusa da wanda ba ya sha ke nan.

Saboda haka ka fara sa lokacin da za ka ɗora ido a madubi, sannan ka ƙirga baya. Idan za ka iya haƙurin awa 10 zuwa 12, shi ne mafi kyau. Idan ba zai yiwu ba, ka yi awa 5, ka ci rabin ribar. Mafi ƙaranci shi ne awa 2, da sharaɗin ba za ka kunna ko kara ɗaya a wurin kallo ba. Ni dai a ganina wanda ya zuƙi kara biyu a mota yana hanyar zuwa ya yi asarar man da ya ƙona wajen neman duhu.

Kada ka ce ai shisha kake sha, ruwa yana tace ta. Ruwan ba ya tare kabon monoksaid, kuma gawayin da ke ci a kanta yana ƙara yawan iskar, ga zaman nata yakan yi tsawo. Zama ɗaya yana iya ɗaga iskar a jini fiye da yadda karan sigari zai yi, don haka ranar kallo a bar ta gaba ɗaya. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, ba ya kawo wannan iskar, amma nikotin ɗinsa yana nan, kuma tururinsa yana barin maiƙo a gilashi.

Akwai matsalar da bai kamata a ɓoye ba. Mai sha kullum idan ya yi awa goma bai sha ba, ransa yana ɓaci, hankalinsa ya ƙi zama wuri ɗaya, kallon abu mai rauni kuwa aikin natsuwa ne. Cingam ko filastar nikotin da ake sayarwa don masu son dainawa suna kashe wannan ƙaiƙayin ba tare da hayaƙi ba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mace mai ciki, su tambayi likita kafin su taɓa su.

Wanda ba ya sha ma bai tsira ba idan bai kula ba. Zama cikin rufaffiyar mota da mai busa hayaƙi, jin ɗumin gawayi a cikin tanti, barin inji yana aiki kana zaune a mota don gudun sanyi, tsayawa kusa da salansar janareto, duk iska ɗaya suke ba ka. Na tanti da na mota ma sun wuce zancen ido, suna kisa.

Mataki na biyu: auna kafeyin, kada ka yi kirdado

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo nauyin ido. Kafeyin yana zuwa ya tare mazaunin adenosin, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya. Gajiyar tana nan, an dai toshe mata baki. Wannan yana da amfaninsa, domin ganin abu mai rauni rabinsa aikin ƙwaƙwalwa ne. Mai gyangyaɗi zai wuce ta kan abin da yake nema bai lura ba. Shi ya sa ban ga dalilin hana mai kallon taurari gahawa kwata-kwata ba. Yawanta da lokacinta ne abin dubawa.

Fara da sanin abin da kake sha. Kofin gahawa mai mililita 240 yana ɗauke da wajen miligiram 95. Baƙin shayi daidai wannan girman, 40 zuwa 50. Gwangwanin lemon kola mai mililita 355, wajen 35. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250, miligiram 80. Goro da baƙin cakulan ma suna da shi, haka wasu magungunan ciwon kai, waɗanda ƙwaya ɗaya ke ɗauke da miligiram 65. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ambaci miligiram 400 a yini a matsayin abin da bai cika cutar da baligi mai lafiya ba. Takwararta ta Tarayyar Turai ta faɗi haka a 2015, ta ƙara da cewa a sha ɗaya kada a wuce 200, mai ciki kuma 200 ne nata na yini duka.

Kafeyin yana kai ƙololuwar ƙarfinsa a jini minti 30 zuwa 60 bayan sha, kuma rabinsa yana fita cikin kimanin awa 5. Mutane sun bambanta sosai a nan. Mace mai shan ƙwayar tsarin iyali yakan ɗauki kusan ninkin wannan lokacin a jikinta, mai tsohon ciki kuwa fiye da haka. Idan ka sha miligiram 200 da ƙarfe 9 na dare, da 2 na dare akwai sauran 100 a jininka, da 7 na safe akwai 50. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya samu cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya sun rage barci da fiye da awa ɗaya. Idan dare biyu ko uku za ka yi a jere, na biyun ne zai biya bashin na farko.

Idan ya yi yawa, a hannu za ka fara gani. Ɗauki madubi mai ido biyu, irin mai lamba 10x50, ka auna tauraro mai haske. Madubin yana kusanto da abu sau goma, rawar hannunka ma sau goma yake ƙara ta. Tauraron da ya kamata ya tsaya cak sai ya riƙa zana ƙananan layuka yana tsalle, raunanan da ke gefensa kuma su narke cikin baƙin sama. A babban madubi mai ƙafa, da ka taɓa murɗin gyara gani sai hoton ya hau karkarwa. Wani kuma fatar idonsa ce za ta riƙa harbawa. Mafi muni a wajena shi ne gaggawar da yake sa wa mutum: daƙiƙa goma a kan abu, a ce ba a gani ba, a tsallaka wani. Sannan ga fitsari, wanda ke kai ka ga farar fitilar bayi. Kafeyin yana ɗan tsuke jijiyoyin jinin ido, yana kuma ɗan ɗaga matsin ruwan ido na wani lokaci. Mai lafiyar ido ba zai damu da wannan ba, amma mai hawan jinin ido ya tambayi likitansa nawa ya dace da shi.

Ga tsarin da ya fi dacewa. Da safe ka sha abin da ka saba. Kada ka yanke shi kwatsam ranar kallo, domin wanda ya saba idan ya bari ciwon kai yakan kama shi bayan awa 12 zuwa 24, daidai lokacin da kake son ɗora ido a madubi ke nan. Daga tsakar rana ka dakata. Idan ka samu dama ka yi barcin yamma, ko na minti 20 ne, ya fi kowane kofi amfani. Sannan minti 30 zuwa 45 kafin fara kallo ka sha abin da bai wuce miligiram 100 ba, kofin gahawa ɗaya ko shayi biyu. Bayan wannan, abin da ke cikin fulas ɗinka ya zama ruwan ɗumi ko wani abin sha marar kafeyin. Ka ci abinci kafin ka fita, ka riƙe ɗan abin taɓawa, domin saukar sukari a jini ma tana dusashe ganin dare. Giya kuwa ba ta da gurbi a nan, tana rage gani, tana rage natsuwar hannu.

Mataki na uku: tsare ido da rana

Wanda ya yini a rana tsaka, musamman a bakin ruwa, kan farin yashi ko ƙanƙara, idonsa yana daɗewa kafin ya saba da duhu, kuma ba ya kai inda ya saba kaiwa a daren. Sa baƙin tabarau da hula mai baki duk lokacin da za ka fita ranar. Da magariba ka rage hasken waya da na ɗaki.

Mataki na huɗu: a wurin kallo

Ka isa tun da sauran haske, ka kafa kayanka, ka yi fitsari, ka kashe fitilar cikin mota yadda ba za ta kama ba idan an buɗe ƙofa. Cikakken duhu yana sauka bayan faɗuwar rana da awa ɗaya da 'yan mintoci a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, ya fi haka daɗewa a can arewa da can kudu. Sa waya a aljihu. Zauna minti 30 ba ka kalli wani haske ba. A wannan zaman ka dubi manyan taurari da duniyoyi masu haske, ka ajiye raunanan sai daga baya.

Fitilarka ta zama ja, kuma mai rauni. Ƙwayoyin dare kusan ba sa jin jan haske, shi ya sa ake amfani da shi. Amma ja mai ƙarfi ma yana ɓarna. Idan kana iya ganin launin takardar da ke hannunka sosai, fitilar ta yi yawa, ka ƙara mata rufi.

Yanzu ga abin da masu shan taba ba su cika lura da shi ba. Harshen wutar laita ko ashana yana tashi ne kamar taƙi ɗaya daga ido, kuma dole ka kalle shi don ka saita bakin karan. Daƙiƙa uku na wannan sun isa su mayar da kai baya da mintoci masu yawa, tufka da warwara ke nan. Ba kai kaɗai ba, har wanda ke tsaye kusa da kai. Idan abin ya ci ƙarfinka sai ka sha, yi nisa da mutane, ka tsaya inda iska za ta kwashe hayaƙin daga madubai, ka juya baya, ka rufe idon da kake kallo da shi da tafin hannu kafin ka ƙyasta. Kowane ido da kansa yake sabawa da duhu, wanda ka rufe zai riƙe abin da ya tara. Wannan dabarar ita ce ta shiga bayi mai fitila da ta haɗuwa da fitilar mota. Ka sani dai idon ka tsare daga wuta, jinin kuwa ya riga ya karɓi rabonsa.

Hayaƙi yana kwanciya a gilashi da madubi ya bar wani siriri maiƙo mai kama ƙura, wanda ke baza haske ya rage bambancin tauraro da baƙin sama. Wanke fuskar madubin hangen nesa kuwa aiki ne mai haɗari, kowace gogewa tana iya barin zane. Zafin kan sigari idan ya bi ta gaban bututun madubin yana sa hoto rawa. Hayaƙin kuma yana busar da ido ko ya sa shi hawaye, sai ka ga kowane tauraro ya fito da gashi. Abin sha mai zafi ma ka nisanta shi da gilashin da kake leƙawa, tururinsa yana rufe shi da raɓa nan da nan.

Idan ka zo kan abu mai rauni, kada ka zuba masa ido tsaye, domin tsakiyar retina ba ta da ƙwayoyin dare. Kauda ganinka gefe kaɗan, hankalinka yana kan abin. Idan da idon dama kake kallo, ka dubi dama da abin, idan da na hagu ne ka dubi hagunsa. Idan ka yi akasin haka yana iya faɗawa kan makahon gurbin da jijiyar ido ta fita, ya ɓace ɗungum. Ɗan ƙwanƙwasa bututun a hankali, ido ya fi kama abin da ke motsi. Kuma ka yi numfashi. Da yawa sukan riƙe numfashi ba su sani ba idan sun sa ido a gilashi, sai abin ya dusashe musu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ja numfashi mai zurfi a hankali sau uku ko huɗu kafin ka leƙa, ka ci gaba da shi kana kallo. Kada ka yi shi da sauri, jiri zai ɗebe ka. Zauna a kujera, ka jingina gwiwar hannu idan madubi mai ido biyu ne, wannan kaɗai yana rage rawar sosai.

Mataki na biyar: gwada a idonka

Tunda jiki ya bambanta, abin da zai gamsar da kai shi ne gwajin da ka yi da kanka. Zaɓi wani yanki na sama mai iyaka a fili. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Kaza da 'Ya'yanta suna sama sosai da farkon dare. Daga Satumba zuwa Disamba akwai babban murabba'in Fegasus, taurari huɗu masu haske da suka yi kusurwa huɗu, cikinsa kamar fanko amma akwai raunanan taurari da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon duhun wuri da ƙarfin ido. Kusa da shi akwai gungun taurarin Andromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso, kuma ana ganin sa da ido kamar ɗan shafin hazo. Tsawon da ka iya bin wannan shafin ma ma'auni ne.

Yi gwajin a wuri ɗaya, a daren da babu wata, lokacin da yankin ya yi sama sosai, bayan cikakken minti 30 a duhu. Zana taurarin da ka gani a takarda kafin ka duba taswira. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin idan ka san inda tauraro yake, ƙwaƙwalwa tana iya zana maka shi ko idon bai gani ba. A gefen zanen ka rubuta kwanan wata, lokaci, awa nawa tun karan ƙarshe, miligiram nawa na kafeyin da ƙarfe nawa, awa nawa ka yi barci, da yanayin sama, ko akwai ƙura ko hazo.

Dare ɗaya ba ya yanke hukunci, tsabtar sama tana canzawa fiye da yadda ake zato. Riƙa musanyawa, yau da dogon haƙuri, wani daren yadda ka saba, har ka tara shafuka da dama. Idan kana da abokin kallo da ba ya shan taba, ku riƙa ƙirga tare kowa a takardarsa. Idan nasa adadin ya sauka tare da naka, sama ce. Idan naka kaɗai ke hawa da sauka, ka samu amsa. Wanda ba ya sha kuma kada ya kunna kara don gwaji, ya tsaya a kan gahawa da barci. Gwajin rawar hannu ya fi sauƙi: auna tauraro ɗaya da madubi mai ido biyu kafin shan gahawa, ka sake bayan minti 45.

Idan kun tashi, ka tambayi kanka gaskiya ko za ka iya tuƙi. Kafeyin ba ya maye gurbin barci. Idan kana hamma ido yana rufewa, ka kwanta a motar da aka kashe injinta har ka farfaɗo.

Abin da haƙurin awoyi ba ya gyarawa

Duk lissafin da ke sama na dare ɗaya ne. Shekarun shan taba suna barin tabon da ba ya gogewa da haƙurin yini guda. Mai sha ya fi wanda ba ya sha haɗarin yanar ido wajen ninki biyu zuwa uku, kuma taba ce babbar sanadin da mutum ke iya kaucewa na lalacewar tsakiyar retina da ke zuwa da tsufa. Yanar ido tun tana ƙarama takan sa taurari masu haske su yi kewayen hazo, raunana su ɓace. Idan ka lura ganinka na dare yana raguwa wata bayan wata, ko kana tuntuɓe da magariba inda wasu ke tafiya lafiya, wannan dundumi ne, kuma yana iya zama ƙarancin bitamin A, ko ciwon sukari, ko ciwon retina na gado. A je wa likitan ido. Kada a hau shan ƙwayoyin bitamin A barkatai, ba ya ƙara wa mai isasshe gani, kuma yawansa yana cutar da hanta da ɗan tayi.

Wanda ya yanke shawarar barin taba gaba ɗaya, akwai abu ɗaya da ya kamata ya sani game da gahawarsa. Wasu sinadarai a hayaƙin suna zaburar da hanta ta narkar da kafeyin da sauri, shi ya sa mai shan taba ke shan kofi bayan kofi ya kwanta ya yi barcinsa. Cikin 'yan kwanaki da dainawa hantar tana komawa saurinta na asali, sai gahawar da ya saba sha ta riƙa daɗewa a jininsa, ƙarfinta ya kusa ninkawa. Cingam da filastar nikotin ba sa hana wannan, domin hayaƙin ne ke zaburar da hantar. Rawar hannu da faɗuwar gaba da rashin barcin da zai ɗora wa rashin taba, wani ɓangarensu na kafeyin ne. Ya rage gahawar zuwa rabi tun makon farko, sannan ya sake gwajin madubi mai ido biyu don ya gano sabon ma'auninsa.